Hannun Inna

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, da aiki, da sanyin garin naku da kake ta kuka da shi. Mu nan sai godiya. Maigidana yana kan hanya kamar kullum, motar nan ta fi ni ganinsa. Yara suna makaranta. Ni kuma ina kan keke, ɗinki ba ya ƙarewa, bayana ne yake ƙarewa.

Baba da sauƙi. Kumburin ƙafar ya sauka, kunnen ne dai ya ƙara nauyi. Shi ya sa na ce ka daina kira ta waya, kai kana ihu, shi yana cewa "madalla" ga abin da bai ji ba. Takarda ta fi. Sai in zauna dab da kunnensa in ɗaga murya in karanta, har maƙwabta su san lafiyarka. Rubutun nan naka kuwa, tafiyar tururuwa, ko da tabarau ba ya iya shi.

Tun rasuwar Inna bai koma rubuta allunan shaguna ba. Masu aski sun zo ya zana musu kawuna, ya ce hannu ya gaji. Amma hannun da ya gaji ɗin kullum yana cikin fenti a ɗakinsa na bakin ƙofa. Gidan duk warin kananzir. Ban hana shi ba. Ya ci abinci, ya yi salla, ya koma ya turo ƙofa. Ba ya kuka, ba ya dariya. Ni ma haka nake, in gaya maka gaskiya, ranakun nan duk kamarsu ɗaya.

Ga saƙonsa. Ya ji an sa ka cikin alƙalan gasar zane ta gidan da kake aiki, ya ce in tambaye ka da me kuke aunawa. Ya ce shi a sana'arsa alƙali ɗaya ne, mai shago. In ya karɓi allo ya kafa a ƙofa, aiki ya yi kyau. Ku fa? Ka ba shi amsa da tsawo, kada ka aiko mana layi ukun nan naka na "ina lafiya, ina aiki, a gai da kowa."

Yayarka.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na ji daɗin labarin ƙafar Baba. Ni lafiya lau, sai ɗan mura da ta ƙi tafiya. Ki gai da maigidan in motar ta ara miki shi.

Tunda tsawo ake so, ga tsawo, ki tanadi maƙogwaro.

Baba, ga yadda muke yi. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. To, ni ban yarda da ido ba, don ido yana da dangi. Yana ganin sunan babban mutum sai ya rusuna, yana ganin fuska mai ban tausayi sai ya yi laushi. Saboda haka na kawo wata ƙa'ida, kwamiti ya karɓa. Kafin zane ya shigo ɗakinmu, ma'aikata za su liƙe sunan mai shi da salatif su ba shi lamba. Sannan su shigo da shi a juye, kai a ƙasa, su jingina a bango. In zane yana a juye, ba ka ganin mutum ko doki ko kasuwa, sai nauyi da launi da layi. Nan za ka gane ko ɓangare ɗaya ya rinjayi ɗaya, ko mai shi ya san inda ƙashi yake a cikin nama. Wanda ya tsaya da ƙafarsa a juye, shi muke miƙarwa mu duba. Wanda ya faɗi, a fita da shi yadda ya shigo.

Akwai wata abokiyar aikina, muna ce mata Uwar Tausayi, kullum faɗanmu ke nan. Ta ce abincin wani gubar wani, wa ya ba ni mudun auna abin da ke taɓa zuciyar mutane? Na ce mata zuciya ta kowa daban ce, amma yatsu biyar ne a hannun kowa, kuma kowa ya san tsawonsu.

A makon nan ma mun yi ta. An shigo da wani zane a kan katako, fentin allon shago ne ma, mai ƙyallin nan. Wata mata ce a zaune. Launin ba laifi, mayafin ma ya zauna. Amma hannun, Yaya! Hannun da ke kan cinyarta ya kai faranti, yatsun kamar an jera rogo. Duk nauyin zanen ya tattara ya faɗa can, ba ka ganin komai sai shi. Uwar Tausayi ta ce a miƙar da shi mu gani, wani abu yana jan ta. Na ce ƙa'ida ƙa'ida ce. Wanda ya yi wannan, na ce, a ba shi bango ya shafa, amma ya rabu da mutane. Aka yi dariya, aka fita da shi.

Kada ki ɗauka ina jin daɗin aikin. Na daɗe rabon da in tsaya gaban zane in ji wani abu ya motsa a ƙirjina. Ina kallo, ina ba da maki, ina shan shayi. Wataƙila hakan ya fi, alƙalin da ba ya jin komai ba ya zalunci.

A gai da yara.

Autanku.

*

Yaya,

Sallama. Ina fatan lafiya. Wata ya wuce, har na biyu ya kama, ban ga amsarki ba. Na kira, babbar 'yarki ta ɗauka ta ce kina ɗinki, kowa lafiya, ta kashe. In tsawon takardar ne ya dishe miki murya, ke kika roƙa. In kuma jikin Baba ne, kada ki ɓoye mini kamar yadda kuka ɓoye mini na Inna sai da ya yi nisa.

An gama gasar, an ba da kyaututtuka, an ci an sha an watse. Mura ta tafi.

Auta.

*

Auta,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Baba yana ci yana sha, ba jikinsa ba ne. Na fara rubuta maka sau da yawa, sai in ajiye in koma kan keke.

Matar da ke zaune Inna ce. Mai zanen Baba ne.

Abin da yake yi a ɗakin nan ke nan tun da aka yi rasuwa, Inna yake zanawa. Tana zaune, tana tsaye, tana tsintar shinkafa, tana barci a kujera. Duk guntun katakon da ya rage masa na shago ya zama Inna, sun kewaye bango har bayan ƙofa. Da ya ji labarin gasarku sai ya zaɓi wanda ya fi so, ya sa na naɗe shi da tsohon bargo na aika. Ya rantsar da ni kada in gaya maka. Ya ce so hana ganin laifi, shi kuma gaskiya yake nema, ga shi Allah ya ba shi ɗa wanda aikinsa ke nan.

Ban karanta takardarka ni kaɗai ba tukuna, wannan shi ne wautata. Na buɗe ta a gabansa, na sa baki a kunnensa, ina ihu. Wajen juya zane ya yi murmushi, ya ce yaron nan da dabara. Da na kai "fentin allon shago" sai na tsaya, na ce sauran gaisuwa ce. Ya ce, "Gaisuwa ba ta cika shafi. Karanta." Na karanta, Auta. Faranti, rogo, a ba shi bango ya shafa, duk da ƙarfin muryata, har mai wankin da ke tsakar gida ta tsaya da wankinta. Magana zarar bunu.

Na zaci zai yi fushi, da ma ya yi. Sai kawai ya kalli ƙasa ya ce, "Ya yi gaskiya. Ni ban taɓa iya hannu ba." Ya ce duk shekarun da ya yi yana allo, in ya zana mutum sai ya sa masa hannu a aljihu, ko a baya, ko ya ɗora masa kwalbar lemo ta rufe yatsun. Ka tuna telan da ya zana mini a allona, mai hannu a cikin yadi? Ashe dalilin ke nan. Ya ce, "Amma nata na kasa ɓoyewa. Na san bai yi ba, na bar shi."

Daga nan bai sake maganar ba. Washegari takardar kwamitinku ta zo, mai cewa an gode da shiga, a sake gwadawa baɗi. Ya sa ta ƙarƙashin gwangwanin fenti.

Ban yi fushi da kai ba, ba ni da ƙarfin fushi. Abu ɗaya nake roƙo. Ka rubuto masa ka ce ka sake dubawa, zanen yana da kyau, kai ne ka yi gaggawa. Layi ukun nan naka ma sun isa. Mutumin nan abu ɗaya ya rage masa a duniya da yake tashi dominsa da safe.

Yayarka.

*

Yaya,

Na samu takardarki. Ina lafiya. A gai da Baba, ko da yake ban san da wane baki ba.

Na sauka ɗakin ajiya inda ake tara waɗanda ba su ci ba. Yana nan a bayan wasu, har yanzu kai a ƙasa, ba wanda ya damu ya miƙar da shi. Na miƙar. Inna ce. Har ɗan karkatar da kai da take yi in tana sauraron ƙarya ta san ƙarya ce, ya kamo shi. Na ɓare salatif ɗin na ga sunanmu da rubutun Baba, haruffa a tsaye kamar sojoji.

Kina jira in ce na yi kuka. Ban yi ba. Na tsaya, na tsaya, mai gadin ɗakin ya ce zai rufe, na ɗauko shi na hau da shi ofis, na je na ci abinci. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Uwar Tausayi ta gani a ofishina. Ba ta ce "ai na faɗa maka" ba, Allah ya saka mata. Cewa ta yi, yanzu fa, yana da kyau ko ba shi da shi? Na ce hannun bai yi ba. Ta ce ba abin da ta tambaye ni ke nan ba. Na ce ita kaɗai ce amsar da nake da ita.

Yaya, na zauna zan rubuta abin da kika ce, alƙalami ya ƙi. Hannun ya yi girma, ko ubana ne ya zana, ko wani can. Da ɗan wani ne ya aiko na mahaifiyarsa, haka zan ce, kuma ba wanda zai roƙe ni in janye. Baba da kansa ya ce ya san bai yi ba. In na ce na sake dubawa ya yi kyau, zai gane daga layin farko, kuma zai san tausayinsa nake ji. Wanda ya rantsar da ke don ya ji gaskiya, sadaka za mu ba shi? Maganar bango ce kaɗai nake so in haɗiye, wannan ba hukunci ba ne, rashin kunya ce, na yi ta don a yi dariya.

Ki ba ni lokaci in samo abin da zan ce masa wanda ba ƙarya ba. A layin ƙarshe kin ce yana tashi da safe domin zanen. Tunda bai ajiye buroshi ba, ina ganin abin da sauƙi.

Auta.

*

Auta,

Sallama. Kowa lafiya. Ƙaramin yarona ya yi zazzaɓi ya warke. Takardarka ta daɗe a hanya, kuma ban karanta wa Baba ba, wannan karon na fara dubawa.

Bai ajiye buroshi ba, gaskiyarka. Da ma ya ajiye.

Bayan na aika maka waccan takardar, ya kira ni ya ce in juya masa su duka, kai a ƙasa, yana so ya ga abin da kake gani. Na juya. Ya wuni a bakin gado yana kallo. Da yamma ya ce, "Lallai. In an juya ba ta nan, sai hannuwa." Sai ya sa na miƙar da su, ya dama fenti.

Gyara yake yi, Auta. Ɗaya bayan ɗaya yake ɗauka yana rufe hannun. A wani ya ja mayafi ya lulluɓe, a wani ya ɗora mata kwano, a wani ya tura hannun bayan kujera. Ka san ya iya, aikinsa ke nan shekara da shekaru. In ka gani ba za ka ce an taɓa ba. Na tabbata in aka juya su yanzu za su tsaya da ƙafarsu, yadda kake so. Wanda take tsintar shinkafa, yanzu tana zaune ne kawai tana kallon tire.

Na ce Baba ka bari haka. Ya nuna kunnensa. In ba ya son magana, kunnen yakan ƙara nauyi.

Ina kai masa abinci ina ganin Inna tana raguwa a bango, kuma ban ji komai ba, sai dai in tattara kwanuka in fito. Hannun nan shi ya yi mini kitso har na yi aure, shi ya mare ka ranar da ka zana kare a bangon maƙwabta, shi ne na riƙe a asibiti har ya yi sanyi. Ni ban taɓa auna shi da faranti ba, ban san girman da ya kamata ya yi ba.

Jiya ya gama na ƙarshe. Ya wanke buroshi, ya ce in rubuta maka ka aiko masa da wanda ke wajenka, shi kaɗai ya rage bai gyara ba. Ya ce in ya gyara sai a sake gwadawa baɗi, kamar yadda takardarku ta ce.

Ka ce in ba ka lokaci. Ga abin da lokacin ya yi. Na isar da saƙo, ka naɗe shi da bargon da ya zo da shi.

Yayarka.

*

Yaya, wannan ta Baba ce. Na yi ta da manyan haruffa don ya karanta da kansa, kada ki sa baki.

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa. Ina neman gafara a kan maganar bango, bakina ne ya yi kaifi, kuma ba haka ka rene ni ba.

Maganar hannu ba zan janye ba, don ka ce gaskiya kake so. Ya yi girma, yatsun ba su yi ba. In aka sake kawo shi gasa, zan sake kayar da shi.

Amma ba zan aiko da shi ba. Na kawo shi gida na rataye a ɗakina, kai a sama. In na shigo daga aiki, hannun nake fara gani, don duk nauyin zanen can ya faɗa, kamar yadda na ce. Shekaranjiya na tsaya a gabansa da jakata a kafaɗa, sai na ga na ɗora hannuna a kan nata. Ban san me ake kiran wannan a wajen aikinmu ba, ba mu da maki dominsa.

Ka yi mini duk hukuncin da ka ga dama, Baba. Wannan ba za ka gyara shi ba, nawa ne.

Ɗanka, Auta.

*

Auta,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Maigidan ya dawo, ya sake tafiya.

Na ba shi, ban sa baki ba. Ya sa tabarau ya karanta, ya sake karantawa. Sai ya juya takardar kai a ƙasa, ya miƙa hannu nesa yana kallo, ya ce, "Haruffansa duk sun jingina hagu. Wannan ko allon mai faci ba za a ba shi ba." Ya ninke ta ya sa a aljihun gaba. Tana nan har yau, da ita yake salla.

Da la'asar na ji warin kananzir ya yi yawa, na leƙa. Ya ɗauko na shinkafar, ya jiƙa tsumma yana goge abin da ya rufe, a hankali, yana so ya fito da na ƙasa. Bai fito ba. Fentin duka ya taso tare, sabo da tsoho, har katako ya bayyana. Ya gwada wani, haka. Sai ya ajiye tsumman ya zauna. Na zauna kusa da shi. Rabona da kuka tun asibiti, sai ranar, kuma shi ne ya riƙa ba ni haƙuri.

Bai ce a sake gwadawa baɗi ba. Bai ce ka aiko ba. Na tambaye shi a kunne ko akwai abin da zan gaya maka. Sai ya ce, "Ki ce masa kada ya rataye ta inda rana take bugawa. Fentin mai araha ne."

Yayarka.